Shekarar kulle da masu ciwon laka a unguwarmu

In aka tashi hirar shekarar korona a majalisunmu, abin da aka fi tunawa shi ne masallatan da aka rufe, da azumin da muka yi ba tafsiri ba asham a cikin jam'i, da hajjin da ba a je ba, da kasuwar da ta tsaya cak. Duk wannan ya faru, kuma kowa ya ɗanɗana rabonsa. Amma akwai wasu bayin Allah a cikinmu da ba a cika sa su a lissafi ba, domin tun kafin gwamnati ta ce kowa ya zauna a gida, su a ɗaki suke. Su ne waɗanda suka samu rauni a laka, ƙafafu suka daina aiki, wasu har da hannuwa. Tarihin abin da annobar ta yi wa jinyarsu muke so mu ajiye a wannan fitowa, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.

Laka ita ce wannan igiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Ita ke kai saƙo ga gaɓoɓi, ita ke dawo da shi. In ta samu rauni a tsakiyar baya ko ƙasa da haka, ƙafafu ne ke shanyewa. In a wuya ne, hannuwa ma su shiga ciki, numfashi ya yi rauni. Mutane rashin tafiyar kawai suke gani, alhali mai lalurar zai gaya muku cewa tafiya ba ita ce babbar damuwarsa ba. Fitsari ba ya fita da kansa, ko kuma ya yi ta zuba ba tare da ya sani ba. Bayan gida sai da dabara. Fatar jikinsa daga inda raunin yake zuwa ƙasa ba ta jin zafi, ko garwashi ya faɗo masa a cinya sai dai ya ji ƙauri.

Kuma sana'o'inmu na nan Kurmi su ne masu jawo wannan rauni. Ɗan acaba da mota ta kwashe a kan titi. Ɗan dako da buhu ya murɗe masa wuya a kasuwar Mile 12. Yaron da ya hau saman tirelar albasa ko ta shanu don ya rage kuɗin mota, tirela ta kife da su a hanya. Lebura da ya faɗo daga saman gini, da mai haƙar rijiya da ƙasa ta rufto masa. Likitocin da suka bi diddigin wannan ciwo a manyan asibitocin ƙasar nan sun sha nuna cewa hatsarin hanya ne kan gaba wajen haddasa shi, kuma maza matasa ya fi samu, wato masu ciyar da gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2013 mutum 250,000 zuwa 500,000 ne ke samun wannan rauni a duniya kowace shekara, kuma haɗarin mutuwa da wuri a kansu ya ninka na sauran mutane sau 2 zuwa 5.

Kafin a gane ɓarnar da kulle ya yi, sai an san abin da ke riƙe da ran mai ciwon laka, kuma wannan yana da nasa tarihin. Akwai wata tsohuwar takardar likitanci ta mutanen Masar da ta haura shekara 3,000, wadda ta yi bayanin mutumin da wuyansa ya goce, hannuwa da ƙafafu suka mutu, fitsari yana zuba. Hukuncin da marubucin ya yanke shi ne ba a ma fara yi wa wannan magani. Haka abin ya zauna ƙarni bayan ƙarni. A yaƙin duniya na farko, likitocin sojan Amurka sun lura cewa kusan 8 cikin 10 na sojojin da suka samu rauni a laka suna mutuwa cikin makonnin farko. Kuma yawanci abubuwa biyu ne ke ƙarasa su: gyambon kwanciya da ke ruɓewa har ya kai ƙashi, da ƙwayoyin cuta da ke shiga mafitsara su haura zuwa ƙoda.

Wanda ya juya wannan al'amari wani likita ne Bayahude ɗan Jamus mai suna Ludwig Guttmann, da ya gudu zuwa Ingila a 1939. A 1944 aka ba shi sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville. Bai gano maganin da zai haɗa lakar da ta tsinke ba, har yau ma babu shi. Abin da ya yi shi ne ya kafa doka mai tsanani a kan ƙananan ayyuka. A juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana. A fitar da fitsari da tsaftatacciyar roba a kan lokaci. A duba fata kullum. A motsa gaɓoɓi, a tashe shi zaune, a koya masa sana'a. An ce da kansa yake zagayawa cikin dare ya ga ko an juya su. Da wannan mutanen da ake jiran mutuwarsu cikin makonni suka koma rayuwa shekaru masu yawa. Gasar harbin kibiya da ya shirya wa majinyatansa a 1948 ita ce ta girma ta zama wasannin naƙasassu na duniya da aka fara a Rum a 1960.

A nan gida, asibitin ƙashi na Igbobi ya samo asali ne daga sansanin jinyar sojojin yaƙin duniya na biyu, ya zama asibiti a 1945. Na Dala a Kano aka buɗe shi a 1959, na Inugu ya biyo baya. Waɗannan, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, su ne wuraren da mai ciwon laka ke kwanciya watanni, sannan a sallame shi da kati, a ce ya riƙa dawowa. To wannan dawowar ita ce rayuwar tasa. Ya dawo a canza robar fitsari bayan 'yan makonni, gwargwadon irin robar. Ya dawo a duba gyambo a wanke. Ya dawo wajen masu gashin ƙashi don kada gaɓoɓi su ƙage. Ya dawo a gwada fitsari a ga irin ƙwayar cutar da ta shiga, kafin a rubuta magani. Kowanne ɗaya ƙaramin abu ne, amma in aka rasa su na wata biyu ko uku, mutum ya koma halin da sojojin 1914 suke ciki.

Ikko ta ga annoba kafin korona. A watan Satumba na 1918 murar nan mai kisa ta shigo ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo, wannan da ya ratsa unguwarmu, ta haura Arewa, inda tsofaffi a wasu garuruwa ke kiran shekarar da marisuwa. An ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya. Daga 1924 zuwa 1931 kuma annobar ɓera ta addabi tsibirin Legas, hukumomin lokacin suka danganta shigowarta da fataucin goro daga Gwalkwas, abin da ya sa ido ya koma kan fatakenmu. Sai dai a waɗancan lokuta babu wata jama'a ta masu ciwon laka da annoba za ta tarar, domin wanda ya karya baya ba ya daɗewa. Ebola ta 2014 kuwa ba ta yi nisa ba. Ta shigo ranar 20 ga Yuli, likita Stella Adadevoh ta tsare mutumin da ya kawo ta har ta rasa ranta a kan haka, aka samu mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce an gama. Amma ko a wannan ɗan lokacin mun ga alama: duk wanda ya je ƙaramin asibiti da zazzaɓi, sai a riƙa ja da baya da shi. Mai robar fitsari kuwa zazzaɓi abokin zamansa ne. Korona ita ce babbar annoba ta farko da ta iske masu ciwon laka da yawa suna zaune a gidajensu, ransu a rataye da zuwa asibiti.

Wahalar tasu ta riga cutar isowa da kusan wata guda. Daga ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin jiha ta hana acaba da Keke Marwa a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja da Surulere da Lagos Mainland, da kuma manyan tituna irin su Agege Motor Road da titin Abeokuta da na Ikorodu. Agege ba ta cikin shidan, amma hanyoyinmu na fita suna ciki. Wannan ya daki mai ciwon laka ta fuska biyu. Keke Marwa ita ce abin hawan da ya fi masa sauƙi, tana shiga lungu har ƙofar gida, a naɗe kekensa a ɗaure a baya. Sannan da yawa cikin masu ɗaukar nauyin jinyarsu ƙannensu ne da abokansu 'yan acaba, waɗanda samunsu ya ragu.

Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko, wani ɗan Italiya. Cikin Maris aka taƙaita taron ibada, aka rufe makarantu da kasuwannin da ba na abinci da magani ba. Ranar 29 ga Maris shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi, daga ƙarfe 11 na daren Litinin 30 ga wata aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya da 'yan kwanaki. An ce mako biyu. Aka ƙara biyu, aka ƙara ɗaya, sai ranar 4 ga Mayu aka fara sassautawa, lokacin muna cikin azumi.

Mu dai a mumbari ba mu yi jayayya da asalin kullen ba, kuma har yau ba mu ga dalilin yi ba. A shekara ta 18 bayan hijira, lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, Abdurrahman bin Auf kuma ya sanar da shi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da ake annoba, ya hana na ciki su fita don gudu. Wannan sananne ne ga duk wanda ya zauna a gaban malami. Inda gizo yake saƙa shi ne yadda aka tsara abin. A takarda, asibitoci da ma'aikatan lafiya ba sa cikin kulle, marar lafiya yana iya fita. Amma wanda ba ya tafiya da ƙafarsa, da me zai fita? Babu danfo, babu keke, babu tasi. Mai motar gida a unguwa yana tsoron shingayen hanya, kuma tsoron nasa da dalili, domin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayar da rahoto cewa a makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasa wajen tilasta dokar, adadin da a lokacin ya fi na waɗanda cutar ta kashe. Ga kuma dare ba barci. Kowa ya tuna Afrilun nan da aka yi ta ƙona tayoyi a bakin layuka daga nan har Abule Egba saboda gungun ɓarayin da ake ce wa One Million Boys. Wanda robarsa ta toshe ƙarfe biyu na dare a wannan yanayi, sai dai ya jira gari ya waye.

Toshewar roba kuwa ba abin wasa ba ce, musamman ga wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama. Mafitsara tana cika, shi ba ya ji, sai jini ya hau farat ɗaya, kai ya riƙa sara kamar zai tsage, fuska ta yi ja, zufa ta karyo daga saman jiki. In ba a tashe shi zaune an buɗe hanyar fitsarin ba, abin yana iya kaiwa ga farfaɗiya ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Iyalai da yawa ba su san wannan ba, suna ɗauka iska ce ko zazzaɓin dare.

Wanda ya yi sa'a ya isa asibiti kuma sai ya tarar da abin ya sauya. Hankali da ma'aikata da gadaje sun koma wajen annoba. An buɗe wuraren killacewa a Yaba da Gbagada da filin wasa na Onikan da wasu wurare. Manyan asibitoci a faɗin ƙasa sun rage ko sun dakatar da ganin majinyatan da ke zuwa su koma, aka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Sashen gashin ƙashi ya fi kowanne shan duka, tunda aiki ne na taɓa jiki da jiki, ba a yin sa daga nesa. Ba a Najeriya kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 155 cikin Mayun 2020 ya nuna cewa a kashi 63 cikin 100 na ƙasashen an samu tsaiko a aikin farfaɗo da majinyata. Ba za mu ɗora wa likitoci da nas-nas laifi ba, su ma a lokacin kayan kariya ba su ishe su ba, kuma da yawansu sun kamu, wasu sun rasu. Amma kalmar nan “ba na gaggawa ba” ta cuci mutanenmu. Canjin roba ba gaggawa ba ne ranar da lokacinsa ya yi. Bayan mako shida ya zama gaggawa, lokacin da fitsari ya koma kamar kunu, jiki ya ɗau rawar ɗari.

Wani magidanci a cikinmu, wanda tirela ta kife da su shekaru kafin annobar, ya shafe kusan wata uku da roba ɗaya a jikinsa. Sau biyu iyalinsa suka yi haya mai tsada suka kai shi wani asibiti, ana auna zafin jikinsa a bakin ƙofa a ce a tafi wajen gwajin korona tukuna. Zazzaɓin nasa daga mafitsara yake, kowa a gidan ya sani, amma na'urar bakin ƙofa ba ta bambancewa. Daga ƙarshe wata nas da ke haya a layinsu, Bayarabiya, ita ta shigo da safar hannunta ta canza masa, ta ƙi karɓar ko kwabo. Allah Ya saka mata. Irin waɗannan nas-nas na unguwa da masu kemis su suka riƙe mutane da yawa a watannin nan. Sai dai wannan ma da nasa illar, domin an koma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gwaji, yau wannan gobe wancan, har wasu suka kai matsayin da magungunan da aka saba ba sa yi musu aiki.

Akwai kuma tsoro, wanda ya hana zuwa asibiti fiye da yadda shinge ya hana. Bayan rasuwar Malam Abba Kyari a nan Legas ranar 17 ga Afrilu, da labarin mace-macen da aka yi ta yi a Kano a ƙarshen watan, jama'a suka kasu biyu. Wasu suka ce cutar ta manya ce ko ma ƙarya ce. Wasu suka ce duk wanda ya je asibiti za a ce yana da ita, a killace shi, in ya mutu a hana gawarsa. Ga mai ciwon laka killacewa tana nufin a raba shi da wanda ke juya shi, yake masa tsarki, yake ba shi abinci. Wa zai yi masa wannan a wurin da nas ke shigowa cikin rigar leda na 'yan mintoci? Don haka ko tari ya kama shi sai a ɓoye. Alhali su ne suka fi kowa haɗari in cutar huhu ta kama su, saboda naman ƙirji da na ciki da ake tari da su sun yi rauni, majina ba ta fita.

Sannan kuɗi. Naira ta faɗi a watan Maris, farashin gwamnati ya tashi daga 306 zuwa 360 a kan dala, roba da jakar fitsari da bandeji kuma yawanci daga waje ake shigo da su. Safar hannu ta yi wuya a duniya baki ɗaya. Mu 'yan kasuwa da muka saba haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a, shagunanmu a rufe, Juma'ar ma babu, sai ranar 7 ga Agusta aka sake buɗe masallatai a jihar nan. Ba mu san yawan abin da faifan nan da ke zagayawa bayan salla yake riƙewa ba sai da ya tsaya. Abinci ya ragu a gidaje, gyambo kuwa ba ya warkewa a jikin da ba ya samun wake da ƙwai da kifi. Kayan tallafin da aka yi ta shela, wanda zai iya bin layi da turereniya shi ya samu. Da aka fasa rumbunan ajiya a watan Oktoba bayan zanga-zangar EndSARS aka ga buhuna jibge, ba sai mun faɗi abin da mutane suka ji a ransu ba.

Abin da ya fi taɓa unguwa irin tamu, wanda ba lalle ya taɓa maƙwabtanmu Yarabawa haka ba, shi ne maganar masu jinya. Yawancin samarinmu ci-rani suka zo, iyaye da mata suna Arewa. In ɗaya ya samu rauni, abokan ɗakinsa ne ke karɓa-karɓa a kansa har ya ɗan samu ƙarfi a mai da shi gida. Da sana'a ta tsaya, samari da yawa suka nemi hanyar komawa, wasu a ɓoye cikin motocin kaya, tunda an hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Mai lafiya yana iya kwanciya a tsakanin buhuna kwana biyu. Mai ciwon laka ba ya iyawa, kuma waɗanda aka gwada da su sun isa da gyambon da hanya ta buɗe musu. Waɗanda aka bari kuma, ɗakin da a da mutum biyar ke juya su ya koma saura ɗaya, shi ma yana fita neman abin da za su ci. Juyi duk awa biyu ya koma sau biyu a yini. Mu da muke tsayawa a kan wankan gawa, shari'a ta hana mu faɗin abin da muka gani, ba kuwa za mu faɗa ba. Abin da iyalai suka faɗa da bakinsu ya isa: gyambon da yake kamar kwabo a farkon kulle, kafin Babbar Salla hannu yana shiga.

Waɗanda suka samu sabon rauni a cikin watannin su ma sun shiga wani hali. Zirga-zirga ta ragu, amma faɗowa daga gini da hatsarin masu satar hanya da dare ba su tsaya ba. Da aka ji asibiti da wuya, sai aka nufi masu ɗori. Muna girmama masu ɗori, sana'a ce ta gado, kuma mun ga hannu da ƙafa da suka gyara. Amma ƙashin baya da na wuya daban ne. Lakar da ta ɗan matsu ba ta tsinke ba, ana iya ceto ta in an kwantar da mutum a kan abu mai tauri, aka tallafe wuyan, aka yi hoto da wuri. In aka ja aka murɗa aka danna, abin da ya rage ma sai ya tafi. Mun san saurayin da aka ɗauko yana motsa yatsun ƙafarsa, bayan kwana uku a wajen ɗori ya daina.

A lokacin ne kuma tambayoyin tsarki suka yi yawa a waya, saboda roba ta tsufa tana yoyo, kayan canji babu. Wasu har sun bar salla don suna ganin jikinsu da najasa. Wannan kuskure ne da ya kamata a gyara ko bayan annoba. A mazhabarmu, wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci, wannan zubar ba ta karya masa alwala, an dai so ya sabunta ta ga kowace salla, kamar yadda yake a Risala. Ya yi salla a zaune ko a kwance yadda ya iya, in ruwa ya gagara ya yi taimama.

Sassauta kulle bai dawo da abubuwa yadda suke ba. An ce danfo ya ɗauki kashi 60 cikin 100 na fasinjansa, keke mutum biyu, kuɗin mota ya tashi bai kuma sauko ba. Likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki ranar 15 ga Yuni na mako guda, suka sake a Satumba, ƙungiyar sauran ma'aikatan lafiya, wadda nas-nas da masu gashin ƙashi ke ciki, ita ma ta yi nata a watan. A 2021 likitocin suka tafi tun 2 ga Agusta sai farkon Oktoba suka dawo. Ga mutumin da sai an haɗa maza biyu sun ɗauke shi, an yi shatar mota, zuwa biyu a tarar ba aiki ya isa ya yanke ƙauna. Wani abin alheri da ya fito shi ne waya: wasu likitoci da masu gashi sun bayar da lambarsu, ana tura musu hoton gyambo ta WhatsApp suna faɗin yadda za a wanke, suna nuna motsa jiki ta bidiyo. Ya taimaki masu babbar waya da masu jin Turanci ko Yarabanci. Wanda Hausa kaɗai yake ji sai ya nemi tafinta, kuma ba kowa ke son a nuna wa maƙwabci hoton mazaunansa ba.

Allurar rigakafi ta iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 a zubin farko, amma sai mutum ya je cibiya ya bi layi, don haka na kwance su ne na ƙarshe. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. Lissafin hukuma a Najeriya ya tsaya a kan mutum 3,000 da ɗoriya da cutar ta kashe. Waɗanda muka kai makwanci saboda gyambo da ciwon ƙoda a waɗannan shekaru ba sa cikin wannan adadi, ba a gwada su an samu korona ba, kuma yawancinsu a ɗaki suka cika, babu takardar asibiti.

A ɓangaren doka kuwa an samu motsi. Shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a Agustan 2020, a tsakiyar annobar. Jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2011 da ofishin da ke kula da su. Dokar tarayya ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar da keken guragu zai bi, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Akwai kuma ƙungiyar masu ciwon laka ta ƙasa da ke da cibiya a Amuwo Odofin, amma mutanenmu kaɗan ne suka san da ita, waɗanda suka yi rajista da ofishin jiha ma kaɗan ne, saboda ana ganin mu baƙi ne, abin ba namu ba ne. Shi ya sa da aka zo rabon tallafi ta hannun ƙungiyoyi, sunayensu ba sa cikin kowace takarda.

Yau in kuka zagaya ɗakunan, za ku tarar da yawancin waɗanda suka rage sun daina zuwa ganin likita a kan lokaci tun 2020. Sun saba da nas ɗin layi da mai kemis, cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma ya sa shatar mota zuwa Ikeja ko Igbobi ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Akwai waɗanda ƙafafunsu suka ƙage a lanƙwashe a watannin da ba gashi, yanzu ko a keke ba sa iya zama daidai. Wasu cikin waɗanda aka mayar Arewa suna ƙauyukan da ke da nisan yini guda da Dala, labarinsu sai in ɗan garinsu ya zo ci-rani muke ji. Allah Ya ba su lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.